Talotalo Ɗan Wace Ƙasa Ne?

A watan Yunin 2022 gwamnatin Ankara ta aika wa Majalisar Ɗinkin Duniya takarda, tana neman a daina kiran ƙasarta da sunan da Turawan Ingila suka saba, a koma ce mata Türkiye, yadda 'yan ƙasar ke faɗa da bakinsu. Majalisar ta amince. Dalilin da hukuma ta bayar shi ne sunan gida ya fi dacewa da tarihin al'ummar da martabarta. Amma kafar yaɗa labaran gwamnatin, TRT World, ba ta ɓoye wani dalilin ba. A Turanci kalmar *turkey* sunan ƙasar ce, kuma sunan tsuntsun nan ne mai jan wuya da baza wutsiya, wanda mu muke ce wa talotalo. Wanda ya nemi ƙasar a intanet, har da hoton tsuntsu zai tarar.

Me ya haɗa babbar ƙasa irin wannan da tsuntsun gida? Amsar tana nan, amma ba a inda aka fara nemanta take ba, kuma mai laifin da za mu kama a ƙarshe yana kiwo a bayan gidajenmu.

Kowa ya nuna wani

Zato na farko mai sauƙi ne: tsuntsun Turkiyya ne, shi ya sa ya ci sunanta. To, mu tambayi Turkawa. Su *hindi* suke ce masa, wato ɗan Indiya. Faransawa ma can suka nuna da yatsa, suna cewa *dinde*, wanda guntun "kazar Indiya" ne. Rashawa da mutanen Folan duk Indiya suka jingina shi. Mutanen Holan ba su tsaya a ƙasa ba, har gari suka kama: *kalkoen*, zakaran Kalikut, birnin nan na bakin teku a kudu maso yammacin Indiya inda Vasco da Gama ya sauka a 1498. Suwidin da Denmak suka ari sunan daga wajensu.

Tun da shaidu sun yi yawa, sai mu nufi Indiya. A can kuma sai ka ji wasu na ce masa *peru*, kalmar da suka karɓa daga bakin mutanen Fotugal, waɗanda suka kama tashar Goa a 1510. Har yau a Fotugal da Barazil sunansa ke nan. Peru kuwa ƙasa ce a Kudancin Amurka. Mun tsallaka teku ke nan, amma nan ma ba gida ba ne, domin babu talotalon daji a Peru, babu shi a duk faɗin Kudancin Amurka. Mutanen Peru da kansu *pavo* suke ce masa, kalmar Sifaniyanci wadda asalinta sunan ɗawisu ce.

Larabawa ba su sauƙaƙa mana ba. A Masar *dik rumi* ne, zakaran Rum. A Sham *dik habash* ne, zakaran Habasha. A Malesiya kuma kazar Holan ce.

Turkiyya, Indiya, Kalikut, Peru, Rum, Habasha, Holan. Duk wanda aka tambaya sai ya nuna wata ƙasa mai nisa. Abu ɗaya kaɗai suka haɗu a kansa: tsuntsun baƙo ne a wurinsu. Tun da baki ya kasa, sai a tambayi ƙasa abin da ta binne.

Abin da ƙasusuwa suka faɗa

Talotalon daji iri biyu ne a duniya, kuma dukansu a nahiyar Amurka suke. Na farko ya bazu daga tsaunukan Meziko har kudancin Kanada. Na biyu, mai gashi launi-launi da zane kamar ido a wutsiya, yana dazuzzukan Yukatan da Belize da arewacin Gwatamala. Babu na daji ɗan asalin Asiya ko Turai ko Afirka.

Masu tonon kayan tarihi sun ƙara mana haske. A kangon wani tsohon birnin ƙabilar Maya da ake kira El Mirador, a Gwatamala, an tono ƙasusuwan talotalo waɗanda shekarunsu ke tsakanin 300 kafin haihuwar Annabi Isa (AS) da 100 bayanta. Da aka gwada su, sai aka ga ba na irin dajin wurin ba ne, na irin Meziko ne, wanda mazauninsa ke da nisan ɗaruruwan kilomita daga nan. Tsuntsun da ba ya dogon tashi bai kai kansa can ba, mutum ne ya ɗauke shi. Ke nan shekara dubu biyu da suka wuce mutanen wannan yanki sun riga sun mai da shi na gida, har suna safararsa.

Lokacin da Hernán Cortés na Sifaniya ya sauka gaɓar Meziko a 1519, ya tarar da talotalo a gidaje da kasuwannin daular Aztek, ana cinsa, ana biyan haraji da shi. Sunansa a harshensu *huexolotl*, wanda ya zama *guajolote* a bakin mutanen Meziko na yau. Babban birninsu, Tenochtitlan, ya faɗi a 1521, jiragen Sifaniya suka riƙa komawa gida da kaya, ciki har da wannan tsuntsu. Ya karɓi Turai, Turai ta karɓe shi, domin ga nama, ga sauƙin kiwo.

Asali dai ya tabbata: ɗan Meziko ne. Sai dai wannan bai kashe magana ba, ƙara mata wuta ya yi. Tsuntsun da ya fito daga yamma, a jirgin Sifaniya, yaya aka yi sunayensa suka koma gabas?

Kolumbus bai isa ya ɗauki laifin shi kaɗai ba

Biyu daga cikin sunayen suna da sauƙin warwara. *Peru* ya samo asali ne daga yadda mutanen Fotugal na ƙarni na 16 ke kiran yankunan da Sifaniya ta mallaka a Amurka da sunan Peru, saboda ita ce ta yi suna da azurfa da zinariya. *Pavo* kuwa, sojojin Sifaniya ne suka ga namiji yana baza wutsiya yana taƙama, suka tuna da ɗawisu. Sunan ya zauna har sai da ainihin ɗawisu ya nemi ƙari, aka koma ce masa *pavo real*.

Na Indiya ma da alama a buɗe yake. Kolumbus ya isa tsibiran Karibiyan a 1492 yana zaton ya kai gefen Asiya, Sifaniya ta ci gaba da kiran sababbin ƙasashen "Indiyoyi", don haka kazar da ta fito daga can ta zama kazar Indiya. Wannan bayani ne da ake yawan ji, kuma akwai gaskiya a cikinsa. Mutanen Holan da suka ce Kalikut sun ɗauki Indiyar ne a matsayin ta gabas, suka liƙa wa tsuntsun sunan tashar da kowa ya sani da kayan yaji.

Amma akwai wata takarda da ta hana ruwa gudu. A cikin tsofaffin rubuce-rubucen Faransa an sami "kazar Indiya" tun ƙarshen ƙarni na 14, fiye da shekara ɗari kafin Kolumbus ya tsallaka teku. Talotalo a lokacin yana Meziko, Bature bai taɓa ganinsa ba. To wace kaza ce Faransawa ke kira da wannan suna?

Haka kuma batun Turkiyya. Wasu sun ce wani kamfanin fataken Landan mai ciniki da ƙasar Turkawa ne ya shigo da tsuntsun Ingila, shi ya sa ya ci sunan. Kamfanin ya wanzu, amma sai a 1581 Sarauniya Elizabeth ta Ɗaya ta ba shi takardar izini. Sunan kuwa ya girme shi da shekara arba'in. A 1541 babban limamin cocin Ingila, Thomas Cranmer, ya kafa dokar rage almubazzaranci a teburin malaman coci, inda ya lissafa manyan tsuntsayen da ba za a sa fiye da ɗaya a akushi ba, kuma "zakaran Turkiyya" yana ciki. A 1550 wani mutumin Yorkshire, William Strickland, ya sami tambarin gida mai hoton wannan tsuntsu, kuma hoton talotalo ne sak. Shekara ashirin kacal bayan faɗuwar Tenochtitlan, ga tsuntsu a Ingila da suna a shirye. Saurin ya yi yawa. Ya fi kama da sunan da aka tarar, ba wanda aka ƙirƙira ba.

Alamu biyu ke nan suna nuna abu guda: akwai wani tsuntsu da ya riga talotalo riƙe waɗannan sunaye.

Tsuntsu mai ɗigon hawaye

Alama ta uku tana cikin littattafan kimiyya. Sunan da masana suka ba talotalo shi ne *Meleagris gallopavo*. Carl Linnaeus, masanin nan na Suwidin, shi ya tabbatar da shi a 1758, a bugu na goma na littafinsa *Systema Naturae*, wanda daga kansa ake fara lissafin sunayen dabbobi na kimiyya. Rabi na biyu na sunan haɗin zakara da ɗawisu ne a Latin. Rabi na farko kuwa kalmar Girkanci ce mai shekara fiye da dubu biyu. Aristotle ya ambaci tsuntsu mai wannan suna a ƙarni na 4 kafin haihuwar Annabi Isa (AS), har ya ce ƙwansa na da ɗige-ɗige.

Girkawan dā suna da tatsuniya a kansa. Wai wani jarumi mai suna Meleager ya mutu, 'yan'uwansa mata suka yi ta kuka ba ƙaƙƙautawa, har wata allahiyarsu ta rikiɗa su suka zama tsuntsaye. Gashinsu ya yi duhu kamar tufafin makoki, hawayen kuma suka zauna a kai, fari-fari, ɗigo-ɗigo. Rumawa sun kiwata wannan tsuntsu, suna ce masa kazar Afirka ko kazar Numidiya, tsohuwar ƙasar da ke gabashin Aljeriya ta yau. Marubutansu na harkar noma, irin su Varro da Columella, sun siffanta shi.

Yanzu mai karatu ya ajiye Girka da Rum, ya tara siffofin: tsuntsun Afirka, ya ɗan fi kaza, gashi mai duhu da fararen ɗige-ɗige, kai ba gashi, ga tsoka tana reto a gefen baki, ga kuka ba hutu. Yaron ƙauye a Katsina ko Maraɗi ba zai yi dogon tunani ba. Zabo ne.

Talotalo ba shi da ɗigon hawaye ko ɗaya. Sunan zabo ya ɗauka. Masanan Turai na ƙarni na 16, cikinsu har da Bafaranshe Pierre Belon wanda ya wallafa littafin tsuntsaye a 1555, sun yi imani babu wata halitta da magabatan Girka da Rum ba su sani ba. Da suka ga sabon tsuntsu mai sanƙon kai da tsokar wuya, sai suka buɗe tsofaffin littattafai, suka ce ai ga shi nan, *meleagris* ne. Linnaeus ya gaji wannan ruɗani, ya raba kalmar gida biyu: talotalo ya sami *Meleagris* a gaba, zabo kuma ya ƙare da *Numida meleagris*. Dokar sunayen kimiyya ba ta yarda a sauya suna don kawai ma'anarsa ba ta dace ba, saboda haka kuskuren yana nan daram har gobe.

Da zarar an gane zabo, sauran ƙulle-ƙullen sai su fara kwancewa da kansu. Larabawa suna ce wa zabo kazar Habasha, kuma sun yi daidai, domin akwai shi a can. Da talotalo ya iso Sham, sai ya zama zakaran Habasha. Turawan zamanin dā kuma ba su bambance Habasha da Indiya sosai ba. Marco Polo ma a labarin tafiyarsa Indiya ta Tsakiya ya kira Habasha. Saboda haka "kazar Indiya" ta Faransawan ƙarni na 14 zabuwa ce. Sunan ya riga ya zauna, kuskuren Kolumbus ya zo ya ƙara masa gindi, talotalo ya shiga ciki ya yi kane-kane.

Hanyar da zabo ya bi

Saura tambayar da muka faro da ita. Zabo ɗan Afirka ne, to ina ruwansa da Turkiyya?

Zabon daji ya cika ƙasashen da ke kudu da Sahara, daga Senegal har Habasha, har Afirka ta Kudu. Na gida da ake kiwo yau a duniya jikan irin Afirka ta Yamma ne, wannan da muke sa wa kaza ƙwansa ta ƙyanƙyashe, muke sayen dafaffen ƙwansa a tasha da damina. Bayan rushewar daular Rum kiwonsa ya ja baya a Turai, sai ɗaiɗaiku da ake kai wa gidajen sarakuna a matsayin abin kallo. Ya koma can ta ƙofa biyu.

Ƙofa ta farko Masar ce. Kayan Habasha da Sudan suna gangarowa ta Kogin Nilu da Bahar Maliya zuwa Alƙahira da Iskandariyya, daga nan jiragen Italiya su kwasa. Har yau Italiyawa *faraona* suke ce wa zabuwa, wato kazar Fir'auna. Masu mulkin Masar daga 1250 Mamalik ne, waɗanda da yawansu asalin Turkawa ne, har marubutan Larabawa na kiran mulkinsu daular Turkawa. A 1453 Daular Usmaniyya ta Turkawa, ba tamu ta Sakkwato ba, ta ci Santambul, a 1517 kuma Sarki Salim na Ɗaya ya ci Masar. Daga nan gabashin Bahar Rum ya koma hannunsu. A idon Baturen Ingila na wancan zamani, duk Musulmin gabas Baturke ne, duk kayan da ya biyo ta hannunsa kuma na Turkiyya ne.

Ƙofa ta biyu teku ce. Jiragen Fotugal sun iso bakin Kogin Senegal a shekarun 1440, suka gina ganuwar Elmina a ƙasar Gana ta yau a 1482. Duk wannan gaɓa Gini suke ce mata. Sun kwashi zabi zuwa Lisbon suna kiransu *pintada*, mai zane, inda Faransawa suka samo *pintade* da suke amfani da ita yanzu.

Ga yadda abin ya kasance a Ingila ke nan. A ƙarni na 16 kalmar "zakaran Turkiyya" tana hawa kan tsuntsaye biyu, na Afirka da na Meziko, domin mai saye a kasuwa bai damu da bambancinsu ba: duka baƙi ne, duka masu sanƙo, duka sun zo a jirgi. Masana tarihin harshe sun kasu biyu a kan ƙarashen labarin. Wasu sun ce zabo ne ya fara cin sunan saboda ya biyo ta ƙasar Turkawa, talotalo ya gada. Wasu sun ce shi kansa talotalon fataken da ke zirga-zirga a Bahar Rum ne suka ɗauko shi daga tashoshin Sifaniya suka kai Ingila. Ko wanne aka ɗauka, tushen ɗaya ne: sunan na hanya ne, ba na mahaifa ba. Da aka fara bambance su, sai babba ya riƙe Turkiyya, ƙarami aka koma ce masa kazar Gini. Kama da wane ba wane ba ne, amma kafin a gane, wane ya riga ya tafi da rigar. A jini ma talotalo ya fi kusa da kazar gida a kan zabo, domin zabi danginsu daban ne.

Bahaushe bai kamata ya yi mamakin wannan ba, don an taɓa yi mana irinsa. Fatar jar akuyar Sakkwato da Maraɗi, wadda majeman Kano da sauran garuruwa suka jeme suka rina, ayari ya tsallaka da ita Sahara zuwa tashoshin Arewacin Afirka. Da ta isa Turai, masu ɗinkin bangon littafi suka riƙa kiranta fatar Maroko. Mai kiwo da majemi suna nan, suna ya tafi ga wanda ya miƙa kaya a bakin jirgi.

Mu gwada makullin a wasu ƙofofi

Bayani ba ya cika sai an gwada shi a wani wuri ya yi aiki. Idan gaskiya ne suna hanya yake bi, ya kamata a ga haka a sauran kayan da suka fito daga Amurka a wannan zamani.

Mu fara da hatsin da ya taso ƙasa ɗaya da talotalo. Masara 'yar Meziko ce. Amma a 1542 masanin tsirrai na Jamus, Leonhart Fuchs, ya sa hotonta a littafinsa da sunan hatsin Turkiyya, kuma Italiyawa har yau *granturco* suke cewa. Turkawa kuma *mısır* suke ce mata, wato Masar. Misirawa suka ce dawar Sham ce. Mu kuma fa? Sunan da muke kiranta da shi yana ɗauke da Masar a cikinsa ƙarara, alamar cewa ta wannan fuska kakanninmu suka ga ta ɓullo. Kowa ya kira ta da sunan wanda ya miƙo masa.

Sai ɓeran Masar, ɗan dabbar nan maras wutsiya da yara ke kiwo a keji. Bai taɓa zama ɗan Masar ba. Mutanen tsaunukan Andes, a Peru da Bolibiya da Ekwado, su suka mai da shi na gida dubban shekaru da suka wuce, suna ce masa *cuy*, kuma nama ne a wurinsu har yau. Turawan Ingila aladen Gini suke ce masa, Faransawa aladen Indiya, Jamusawa ɗan aladen teku, mutanen Sifaniya zomon Indiya. Ba alade ba ne, ba zomo ba ne. Mu da muka ce ɓera mun fi su kusa, tun da yana cikin dabbobi masu gwaguya da haƙoran gaba, amma a cikin wannan babban dangi ya fi kusa da beguwa a kan ɓeran rumbu. Abin dariyar shi ne, dabbar da ta fito daga Peru da gaske ba ta sami sunan Peru ba, tsuntsun da bai san Peru ba shi ya samu.

Ta uku tana yawo a kwatamin unguwa. Agwagwar gida da aka fi kiwo a ƙasar Hausa, mai jan tsiro a fuska, wadda namijinta ba ya kuka sai huci, asalinta dazuzzukan Amurka ne, daga Meziko zuwa Ajantina. A Turanci sunan yankin Mosko na Rasha ta ɗauka. Faransawa agwagwar Barbari suke ce mata, wato gaɓar Arewacin Afirka. Sunanta na kimiyya kuma *Cairina moschata*, rabinsa na farko yana nufin 'yar Alƙahira. Ƙasashe uku, babu nata ko ɗaya.

Makullin ya buɗe duka ukun. Turkiyya, Masar, Indiya, Gini, Barbari: waɗannan su ne manyan mashigan ciniki na ƙarni na 15 da na 16. A bakin mai saye ma'anarsu ɗaya ce, wato abin nan daga nesa ya zo. Sunan dabba yakan gaya maka abu biyu, wanda ya kawo ta da abin da ta yi wa mutane kama. Ba kasafai yake gaya maka mahaifarta ko danginta ba. Shi ya sa muka kalli dogon wuya muka ce raƙumin dawa, alhali shi da raƙumi ba dangi na kusa ba ne, ya fi kusa da barewa da saniya.

Talotalo ma bai gama yawo ba. A ƙarni na 17 Turawan Ingila da suka ƙaura zuwa Arewacin Amurka sun tafi da nasu na gida a jirgi, suka tarar da 'yan'uwansa na daji a bakin gonakinsu. Ya koma nahiyar kakanninsa da sunan ƙasar da ba tasa ba, kuma da wannan suna Amurkawa ke yanka shi duk Alhamis ta huɗu ta watan Nuwamba a bikin godiyarsu.

Hukunci

A cikin duk sunayen da muka bi, namu yana cikin 'yan kaɗan da ba su yi wa tsuntsun ƙage ba. Yarbawa *tolotolo* suke cewa, Ibo *torotoro*, mu talotalo. Wanda ya taɓa yi wa namijinsa fito ya ji amsar da ya bayar, ya san inda sunan ya fito. Kowane tsuntsu kukan gidansu yake yi, mu kuwa kukan muka kira shi da shi, ba mu ba shi ƙasar da ba tasa ba. Sai dai ba mu da bakin yi wa kowa dariya, tun da ga ɓeran Masar a kejinmu, ga masara a rumbunmu.

Ba a cewa a sauya waɗannan sunaye. Tarihi ne a cikinsu, na ayari da jiragen ruwa da kasuwanni, kuma wanda ya iya karanta su zai ga hanyoyin da duniya ta bi ta haɗu. Haɗarin yana wurin wanda ya ɗauki suna a matsayin ilimi, musamman mai kiwo. Ɓeran gida jikinsa na haɗa sinadarin bitamin C da kansa, ɓeran Masar kuwa ba ya iyawa, kamar ɗan Adam. In aka tsare shi a kan dusa da hatsi ba ɗanyen ganye, zai rame, gaɓoɓinsa su kumbura, ya mutu. Agwagwarmu kwana 35 take yi a kan ƙwai, ba 28 na agwagin Turai ba, don haka wanda ya bi lissafin littafin da ba nata ba zai zubar da ƙwai masu rai. Ƙwan kaza kwana 21 ne, na zabo 26 zuwa 28, na talotalo 28. Kuma duk da wasu harsuna sun kira talotalo kaza, haɗa 'ya'yansa da kaji a akurki ɗaya kasada ce, domin akwai cutar hanta da hanji da kaza ke ɗauke da ita tana yawonta lafiya, shi kuwa ta kashe shi.

Saboda haka, mai karatu, in an kawo maka wata dabba da sunan wata ƙasa a jikinta, ka karɓi sunan don kira, amma kafin ka zuba kuɗinka ka tambayi malamin dabbobi ainihin irinta, abincinta da cututtukanta. Talotalo dai ɗan Meziko ne, zabo namu ne, Turkiyya kuwa hanya kawai ta bayar.